Bindigar da Aka Shanya Tare da Tumatir

Ranar wata Laraba ce, ana saura kwana tara a kama azumi, shekarar da nake aji uku a firamare, Baffa Sale ya shigo gidanmu jiƙe sharkaf, bindigarsa a kafaɗa ita ma tana ɗigar ruwa. Ƙanen babanmu ne, shi ke korar tsuntsu a gonar alkamarmu da ke bakin kanal ɗin ban-ruwa, ta hanyar Bunkure. Santsi ne ya kwashe shi wajen tsallake ruwa, shi da bindigar suka faɗa tare. Mu yara har da riƙe ciki don dariya, saboda Baffa akwai cika baki, kullum yana gaya mana wai tsuntsayen jan-baki da sun hango hularsa suke canza hanya. A tsakar gida ya ɗaga bakin bindigar sama ya ja kunama har sau uku. Ƙas, ƙas, ƙas, ko hayaƙi babu. Ya yi tsaki ya ce, "Albarushin ya jiƙe, sai ta sha rana." Ni dai abin da idona ya gani shi na riƙe: an ja sau uku, ba ta tashi ba.

Shekarar tumatir ya yi yawa har motoci sun kasa kwashewa, don haka kowane gida yanka ake yi ana shanyawa. Filin bayan gidanmu ya koma ja wur, ga tsamin wari, ga ƙuda. Aikina idan na taso daga makaranta shi ne gadin shanya kada awaki da kaji su shiga, a haɗa min da ƙanwata Ummi, mai shekara uku. Na tsani aikin nan, don ina jiyo ƙawayena suna 'yar gala-gala ni ina zaune ina carafke ni kaɗai. A gefen wannan shanyar Baffa ya shimfiɗa buhu ya kwantar da bindigar, ya tafi canza kaya. Inna ta wuce ta gefenta da faranti sau biyu. Baba ya tsallake ta zai tafi azahar. Kuma gidanmu ba gidan sakaci ba ne: rijiya a rufe take, maganin feshi yana rataye can sama inda ko Inna sai ta taka turmi, wuƙa kuwa ka taɓa ka sha ranƙwashi. Amma bindiga a wurinsu kayan gona ce kamar fartanya. "Ai ta tsuntsu ce," haka suke cewa, albarushi ne kawai da tsumma da 'yar tsakuwa.

Rana ta buɗe sosai a wunin nan. Wajen la'asar unguwar ta yi tsit, har injin ban-ruwan da muke jiyowa daga fadama ya yi shiru. Sai ga jar akuyar maƙwabtanmu, wata shaiɗaniya da ta raina ni, na jefe ta ta fita ta nan ta dawo ta can. Raina ya ɓaci. Na jawo bindigar, nauyinta ya fi ƙarfina, na ɗora bakinta a kan wani kwando da aka kife. Ƙarfen ya yi zafi har yana ƙona tafin hannuna. So nake kawai in yi mata ƙas ɗin nan irin na Baffa, in ga ta firgita. Na ce, "Ummi, je ki koro min ita nan." Ta tafi da gudu tana dariya, tana tattaka tumatir, ta zagaya bayan akuyar. Da yatsu biyu na ja kunamar.

Ban tuna ƙarar ba. Na dai tsinci kaina a ƙasa, kafaɗata ta mutu, hayaƙi yana shiga min hanci. Akuyar ta tsere ko ƙwarzane babu. Ummi tana zaune a tsakiyar shanya, ba ta kuka, hannunta a fuska, na kasa bambance jan tumatir da wanda ke bin yatsunta. Baffa ne ya fara isowa. Ya dube ni, ya ɗauke bindigar daga gabana, da mutane suka taru ya ce, "A hannuna ta tashi." A babur aka kai ta asibitin Kura, daga can aka wuce da ita Kano. Ta rayu, amma idonta na hagu bai dawo ba. Baba ya shekara bai yi wa ƙanensa magana ba, Baffa kuma har ya koma ga Allah bai sake zancen ba, ko da ni. Masu zuwa jaje kowa sai ya ce tsautsayi ne. Har yau kalmar nan tana ba ni haushi, don manya uku ne suka ga bindigar a kwance kusa da yara biyu suka wuce.

A lokacin bindigogin ƙauyenmu ba su kai yatsun hannu ba, kuma duk na tsuntsu ne. Yanzu satar injin ban-ruwa ta sa kowace unguwa da 'yan sintirinta, mijina ma yana ciki, abin da suke riƙewa kuwa ba tsumma ake ɗura masa ba. Na kafa masa sharaɗi: bindigarsa ba za ta shigo min gida a ɗure ba, kuma akwatin ƙarfe ne mazauninta, da kwaɗo. 'Ya'yana ba sa zuwa wasa wani gida sai na tambayi matar gidan inda suke ajiye tasu. Suna ce min mai tsegumi, su yi ta faɗa. Ina kewar shekarun da nake ganin babu abin da zai cuce mu a gidan ubanmu. Ummi tana aure a Kura da 'ya'ya huɗu, idan za ta zuba shayi sai ta fara laluba bakin kofin da yatsa. Duk sanda aka ambaci Baffa takan ce, "Yaya, ni fa na yafe masa tuntuni, Allah ya ji ƙansa." In ce amin. Tawa yafiyar ce har yau na kasa buɗe baki in nema.