Ranar da Muka Cire Sunanta

Firamare ɗaya muka koyar ni da ita a Kusada. 'Yar garin Ƙofa ce, ta ɗan girme ni, don haka Yaya nake ce mata. A bakinta na fara jin cewa talauci ba duka ne ƙaddara ba, akwai masu cin gumin talaka, kuma ta san ƙofar gidajensu.

Da wani ɗan kwangila ya karɓi aikin rijiyar burtsatse a unguwarmu ya tafi ya bar mana rami, ita ta bi gida-gida ta tara mata. Muka ɗauki bokitai babu ko ɗigo a ciki, muka shiga mota zuwa Kankia, muka zauna a ƙofar gidansa. Ta kafa doka: ba zagi, ba jifa, ko an mare ki kada ki rama. Matansa suka watso mana ruwan wanke-wanke. Ita aka fi jiƙawa, ko fuska ba ta goge ba. Kwana uku muna zuwa muna komowa.

Duk mun san telar da suke zaune gida ɗaya ba ƙanwarta ba ce kamar yadda ake faɗa. Ni kam da bakinta Yaya ta gaya mani, muna gyaran wake: "Ita nake so." Sa'ad da take shiga gaba ana watsa mata ƙazanta, ba wanda abin ya dama.

Rana ta huɗu ɗan kwangilar ya saki magana a kasuwa, wai 'yar maɗigo ce ke jan matan aure. Kafin la'asar maza sun hana matansu fita. Shugaban ƙungiyarmu ta neman haƙƙin unguwa, wani malami da kullum bakinsa 'yancin talaka, ya kira taro a aji.

Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri ki ja gefe. Sunanki zai ɓata mana tafiya."

Ta ce, "Malam, da aka jiƙa ni, mi ya hana ka ce in ja gefe?"

"Ba wannan ake ba."

"To mi ake?"

Ta dube ni. Na sunkuyar da kai ina murza bakin hijabi. Ya ɗauki biro ya soke sunanta daga rajistar ƙungiya, muna kallo.

A makon nan aka jefi shagon telar, aka fasa mata keke. Suka kwashe kayansu da rana tsaka suka bar garin, ko ɗayarmu ba ta kama musu ƙunshi ba.

Bayan damina aka gama rijiyar. Ranar buɗewa shugaban ya yi dogon jawabi a kan jaruntar mata, aka tafa masa. Yanzu siyasa yake yi, har mota gare shi. In mun haɗu yakan sauke gilashi ya ce, "Malama, ya gwagwarmaya?" Ni kuma, don rashin kunya irin tawa, in ce masa alhamdu lillahi, in wuce ina haɗiyar zuciya.