Ranar da Yaya ya amsa da sunana

A gidanmu na Kabo saƙo ba ya wuce zaure. Goron gayyata ne, ko sanarwar rasuwa, ko ɗan aike daga dangi, Baba ne yake karɓa, shi ne kuma yake amsawa a madadin kowa. Da Allah ya yi masa rasuwa, Yaya ya gaji zauren, ya gaji ɗabi'ar har da ƙari. A lokacin na dawo gida da 'ya'yana bayan rasuwar mijina, ina koyarwa a wata firamare a Gude.

Yaya ya sayo kwamfuta ta hannu saboda harkarsa ta taki da hatsi. Wani mai gyara daga Gwarzo ya zo ya haɗa ta da sola, ya buɗe akawun uku a kanta: na Yaya, nawa, da na yaran gida, kowa da lambar sirrinsa. Har na fara murna, ashe da sauran zance. Yaya ya ce imel ɗaya za a yi, a saka shi a duk akawun ɗin, tunda gida ɗaya ne. Mai gyaran ya sosa ƙeya ya ce ba haka aka saba ba. Yaya ya ce a nan haka aka saba.

Da wannan imel ɗin na nemi gurbin wani horo na malamai a Kano. Na daɗe ina son sa, don idan babu shi, a inda nake zan tsufa. Kullum na dawo daga makaranta sai na duba, shiru.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kai wa Yaya fura zaure. Yana cikin sha ya ce, "Af, mutanen Kano sun rubuto tun wancan makon, sun ɗauke ki. Na ba su haƙuri."

Wai damina ce, ga ciwon ƙafar Inna, ga yara. Har yana ba ni labarin yadda ya tsara amsar, ya gaishe su da aiki, ya gaishe su da iyali, ya yi musu barka da ruwa, sannan ya sa sunana a ƙasa. Ashe ya riga ni ganin saƙon, ya amsa, ya goge shi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba da mugunta ya yi ba, shi a ganinsa nauyi ya sauke min. Na tambaye shi, shanunmu da suke kwana garke ɗaya, ya taɓa sayar da karsanar da Baba ya ba ni bai tambaye ni ba? Ya ce wannan daban. Na ce ni ban ga bambancin ba. Da na kira Kano, an riga an ba wata gurbin.

Washegari na buɗe imel nawa na kaina, na cire na gida daga akawun ɗina. Da Yaya ya gano, ya ce in ba shi lambar sirrin. Na ce a'a, kuma ban sunkuyar da kai ba. Ya kai ƙarata wurin Inna, ya aika garin Dugabau aka kira kawunmu. A gabansu ya ce mace marar miji da take rufe saƙonninta, lallai akwai abin da take ɓoyewa. Wannan maganar ta yi min ciwo, na kuma gaya masa ta yi. Inna ta ce in yi haƙuri in ba shi a zauna lafiya. Na ce duk abin da ta sa ni zan yi, ban da wannan. Kawu bai ma gane mene ne imel ɗin ba, ya yi mana nasiha a kan zumunci, ya ci tuwo ya hau babur ɗinsa.

Yaya ya ce zai kwashe kwamfutar ya kai shagonsa. Na ce ya kwashe mana, Gwarzo ba nisa, akwai masu ba da hayar kwamfuta. Bai kwashe ba, amma daga nan in na gaishe shi, "lafiya" kawai yake cewa. Ni kuwa ban rage masa komai ba, har gajiya da kasuwa nake tambayarsa.

Da shekara ta zagayo na sake nema, aka sake ɗaukata. Na amsa da hannuna. Na shirya da matar Yaya a kan Inna da yara, na haɗa kayana. Ranar tafiya na je zaure na durƙusa, na gaishe shi, na gaya masa. Ya ce zai yi shawara.

Na ce, "Ba shawara na kawo ba, Yaya. Na riga na amsa. Sallama na zo yi maka."

Na daɗe a durƙushe ina jira ya ce Allah ya kiyaye hanya. Bai ce ba. Na miƙe na ɗauki jakata. Har yau shirun nan yana damuna, amma da za a sake, haka zan sake yi.