Giyabos ɗin motar Haladu

Maikuɗi bakanike sunan kawai ya samu, kuɗin kuwa suna wucewa ne ta gaban garejinsa a guje, kan hanyarsu ta zuwa Kano. Shekara talatin da ɗoriya yana ƙarƙashin darbejiya ɗaya a bayan tashar Gwarzo. Ɗan Sabon Birni ne, ya gudo wa fartanya ya kama sifana, daga baya ya gane duk sunkuyo ne. Aikinsa giyabos, wato akwatin nan da ke raba wa tayoyi ƙarfin inji. Yana da kunne, yana da hannu, sai dai tun da aka san shi ba wanda ya taɓa jin ya ce "na yi kuskure". In mota ta dawo, to direba ne bai iya tuƙi ba.

Haladu, ƙanin matarsa Rahamatu, yana da wata tsohuwar ƙaramar mota mai injin fetur. Da ita yake kwaso tumatirin masu noman rani na ƙauyen Durun zuwa bakin kwalta, inda manyan motoci ke jira. Shekara shida manoman ba su ba kowa wannan aikin ba sai shi. Ana tsakiyar ɗiban tumatir dutse ya fasa masa ƙoƙon giyabos, mai ya tsiyaye tas.

Maikuɗi da kansa ya tafi Kano nemo wani. Mai shagon ya juya wanda ya zaɓa, ya ce, "Baba, wannan fa daga mai injin gas aka ciro shi."

"Mota iri ɗaya ce ko?"

"Iri ɗaya."

"To ni ramukan noti nake dubawa, ba takardar haihuwa ba."

Ramukan kuwa suka hau daidai, kamar tare aka haife su. Da aka ɗaura, Maikuɗi ya hau kwalta ya miƙa wajen Kabo, shi kaɗai a mota. Inji ya yi luf, gudu kamar ana tura ta. Ya dawo ya jefa wa Haladu makulli, ya ce, "Ka ƙara min godiya, na mai da maka ita amarya."

Kwana biyu sai ga Haladu a kan babur ɗin haya, fuska a murtuke. Tsakanin gonakin da hanya akwai busasshen rafi mai zurfin yashi, wanda motar ta saba haurawa da kwando goma sha biyu. Wannan karon ta shiga ta ƙi fita. Ya ba ta wuta har kuloci ya ƙone, tumatir ya wuni a rana, babbar mota ta tafi. Malam Ƙasimu, shugaban manoman, ya ce daga Talata za su nemi wani direban.

"Ƙafarka ce ba ta sauka daga kan kuloci," in ji Maikuɗi.

"Yaya, shekara shida da wannan ƙafar nake haura rafin nan."

Haladu ya juya ya tafi. Wannan maganar ce ta tsaya wa Maikuɗi a rai. Da aka janyo motar ya sauke giyabos ɗin, ya jawo tsohon daga cikin tarkace, ya ajiye su gefe da gefe. Ya sa kowanne a giya ta ɗaya, ya yi alama da alli, ya dinga juya sandar da ke karɓar ƙarfin inji da hannu. A tsohon, sai da ya juya kusan sau goma sha biyar kafin ɓangaren taya ya zagayo sau ɗaya. A sabon, sha biyu. Ya sake. Sha biyu dai.

Abin ya fito fili. Injin gas tun daga ƙasa yake da ƙarfi, shi ya sa aka yi wa giyabos ɗinsa haƙora masu dogon taku. Ƙaramin injin fetur kuwa sai ya yi ta juyi kafin ya ja kaya. A kan kwalta ba kaya, dogon takun daɗi ne. A cikin yashi da lodi, an ɗora wa inji abin da ba zai iya ba. Ya san wannan tun yana saurayi. Bai dai tsaya ya tambayi kansa inda motar take kwana da inda take wuni ba.

Gyaran bai gagare shi ba: haƙoran tsohon lafiyarsu ƙalau, ya kwashe su ya zuba a sabon ƙoƙon, ya sa wani kulocin. Abin da ya fi masa nauyi shi ne zuwa Durun. Rahamatu ta ce, "Malam, mota ka gyara, amma Haladu ne suka daina yarda da shi."

Ran Litinin ya tuƙa motar da kansa, Haladu na gefe. Suka tarar da manoman a bakin rafi. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da ban ruwa, Maikuɗi ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Malam Ƙasimu, tumatirin nan ni na ɓata muku. Ba Haladu ba ne. Na sa masa abin da ba nasa ba."

Malam Ƙasimu ya dube shi sama da ƙasa. "Maikuɗi, kai ne kuwa? Ko ba ka da lafiya?"

"Ku dai shiga mu gwada. Masu ƙiba nake so."

Aka cika mota da mutum takwas, aka ɗora buhunan taki huɗu a baya. Maikuɗi ya koma gefe ya tsuguna, ya bar wa Haladu sitiyari. Motar ta gangara cikin yashi, ta yi gurnani, ta ɗan yi jim a tsakiya, sannan ta kama gangaren ta haura a hankali.

Malam Ƙasimu ya fito yana miƙe ƙugu. Ya ce, "Haladu, gobe da hantsi. Kwando sha huɗu ne, ka zo da igiya."