Hoto na Ashirin da Uku

Wata Asabar ce a watan Agusta na 1983, ƙarfe biyar da rabi na yamma, a falon gidanmu da ke Greensboro. Akwai Baba da Mama, da ƙanena Sadiq, da Malam Garba abokin Baba da matarsa Anti Binta, waɗanda suka taso daga McLeansville da kwanon dambu. Ni kuma ina zaune a bayan majigin da Baba ya aro. An ja labule, an kafe farin zanen gado a bango. Shekarata goma sha ɗaya, Sadiq takwas, kuma a aljihuna akwai hoto ɗaya da ya kamata a ce yana cikin majigin.

Baba yana karatun aikin gona ne a lokacin, aka gayyace shi taro kan masara a Meziko, aka ce yana iya zuwa da iyali. Mama tana da tsohon ciki, don haka mu biyu ya rubuta. Sai a makon ƙarshe aka gano bizar da ke fasfona ta ƙare. In na fita, ba lalle in dawo ba. A Zariya aka haife ni. Sadiq kuwa haihuwar Greensboro ne, Ba'amurke, ba mai tsayar da shi a kan iyaka. A gidanmu babba ke fara zaɓar nama, shi ke zama gaban mota, shi ake fara auna wa kayan salla. Ban taɓa sanin wurin haihuwa zai sha gaban shekaru ba sai ranar. "Kai ne namijin gida har mu dawo," in ji Baba. Kwana shida na yi ina fitar da shara, ina ba yakuwa da kuɓewar Mama ruwa a bayan gida, ina bin kowane jirgi da ido.

Da suka dawo, Sadiq ba shi da zance sai na rana guda da aka kwashe su a bas zuwa kufan mutanen Maya na zamanin da. Ya hau dalar dutse yana riƙe da sarƙa, ya ga ƙadangaru masu girman kyanwa, ya tafa hannu dutse ya amsa masa. Duk wannan na jure. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ramin ruwa, inda ƙasa ta rufta ta bar tafki shuɗi mai zurfi, saiwoyin itatuwa na reto a kansa. Sadiq ya ce ya diro ciki daga saman dutse. Baba bai gani ba, domin ya koma gindin bishiya yin Azahar, ya bar kyamara a hannun wani abokin tafiya. Ni ne gwanin iyo a gidan. Sadiq ko a wurin iyon unguwarmu ba ya sakin bakin siminti, kuma wannan kaɗai ya rage mini.

Da aka wanko hotunan, Baba ya ba ni aikin jera su a majigin don ya rarrashe ni. Na riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ga hasken taga. Na ashirin da uku, ga Sadiq a iska, gwiwoyi a naɗe, baki a buɗe, ruwan na jiransa a ƙasa. Ban yi dogon tunani ba.

Ranar Asabar ɗin, tun ana cin dambu Sadiq ya cika wa baƙi kunne da labarin tsallensa. Dala ta wuce, ƙadangaru suka wuce, ramin ya fito da wasu Turawa a ciki, sai bangon ya koma fari.

"Ba'amurke, ina tsallen?" in ji Malam Garba. "Ko daga bakin ramin ka tsaya kana gaisawa da ruwan?"

Aka yi dariya. Baba ya ce shi dai bai gani ba. Mama ta ce, "A gidan nan ba a ƙara wa labari gishiri." Sadiq ya juyo ya tambaye ni da Turanci ko hotunan sun cika. Na ce abin da aka ba ni na saka. Daga ranar Malam Garba ya laƙaba masa Sarkin Ruwa, sunan ya bi shi har ya girma, shi kuma bai sake ambaton ramin ba. Na ci gaba da zama gaban mota, amma na daina son zuwa iyo.

Yanzu hoto kafin mutum ya fito daga ruwa ya isa wayar dangi a ƙasashe uku, ba aljihun da zai ɓoye shi. Ina kewar falon nan da ƙarar majigi da ƙamshin dambu, amma duk lokacin da na tuna, a bayan majigin nake ganin kaina. Girman da na tsare ranar bai kai abin da na ƙwace ba.

Hoton ya zauna cikin wani tsohon ƙamus har ranar sunan 'yar Sadiq ta fari, na miƙa masa. Ya ɗaga shi ga taga, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Na ƙirga su kafin a ba ka, Yaya." Baba ya rasu shekara biyu kafin nan, bai taɓa ganin hoton ba.