Guntun Jela

Maigidana mai walda ne, a bakin tasha yake da rumfa a nan Birnin Gwari. Shekarar da muka yi aure ya shigo gida da gawar wani ƙaramin babur, irin wanda ake kira roba-roba, ya jingine ta kusa da madafina. Na ɗauka gwangwan zai sayar. Ashe wani abu ne ya gani a wayar abokinsa, ya ƙudurta sai ya ƙera irinsa.

Rani guda ya yi yana fama. Ya ɓalle robobin kaf, ya yanke ƙarfen baya, ya sauke mazaunin har ya kusa taɓa ƙasa. Tankin a kasuwa ya tsinto shi, na wani tsohon babur, ya shafe shi da baƙin fenti. Badukun unguwarmu ya ɗinka masa ɗan sirdi na jan fata, daidai zaman mutum ɗaya. Madigadin baya mai tare laka ma sai da ya datse shi, shi ya sa 'yan tasha suka raɗa wa babur ɗin Guntun Jela.

Ranar da ya tashe shi, na fito da ludayi a hannu na zagaya shi.

"Maigida, to ni ina zan zauna?"

Ya kama sosa ƙeya. Wallahi bai tuna da ni ba. Washegari ya liƙa wani ɗan faranti a baya, ya ɗaura masa matashi.

Da damina ta sauka muka tafi Dogon Dawa gaida mahaifiyata. Na sa sabuwar atamfata. Hanya ta ratsa daji, kaɗanya da ɗorawa sun yi kore shar, iska tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Babur ɗin ba gudu gare shi ba, sai ƙara. Wani Bafulatani da ke kiwo ya tsayar da mu, ya duƙa ya leƙa injin, ya ce, "Wannan ɗan maraƙi ne, bai gama girma ba." Ya sa matarsa ta dama mana fura.

Da muka isa, Inna ta juya ni ta dubi bayana, ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Tayar baya ta yi mini feshin jan laka tun daga ƙugu har ɗankwali. Na yi fushi, na ce a mota zan koma. Amma da la'asar ni na riga shi hawa.

Mun yi shekaru muna bin hanyar nan, har na fara goyo. Daga baya daji ya lalace, 'yan bindiga suka tare ko'ina, aka hana hawan babur. Inna ta rasu a wannan tsakanin, sai a waya muka karɓi gaisuwa.

Aikin tasha ma ya ja baya. Wata safiya na ga Maigida ya shimfiɗa buhu, yana kwance injin Guntun Jela. Ya haɗa shi da injin markaɗe ya kafa mini a zaure. Da shi muka ci abinci a shekarun nan masu wuya. Har yanzu matan unguwa suna kawo wake da tattasai, su zauna a kan benci muna hira kafin layi ya zo kansu.