Dachung Ba Ya Gaisuwa a Kan Keke

Duk ɗan keken da ke Germantown ya san Dachung, kuma ba don gudu ba. Gudu dai yana da shi, ƙafar mutumin Filato ce, hawan tudu ba ya ba shi tsoro. Abin da ya fito da shi daban, ana cikin tafiya an jera an ɗauki wuta, sai ka ji ƙiiii, Dachung ya ja burki ya dira, wai ya hango dattijo a bakin hanya. Tun abin yana ba 'yan ƙungiyarsu dariya har ya koma ba su haushi, suka laƙaba masa Sanata, don a ganinsu mai neman ƙuri'a ne kaɗai yake irin wannan gaisuwa.

Ba laifinsa ba ne. A Kuru aka haife shi, babansa malamin asibiti ne mai zaga ƙauyuka a kan baƙin keke yana yi wa yara rigakafi. Ranar da Dachung ya fara aron keken nan ya wuce wani tsoho mai saɓe da fartanya, ya ɗaga masa hannu daga kan sirdi ya yi gaba abinsa. Kafin ya dawo gida labari ya riga shi. Baban bai dake shi ba, da ma dukan ne da ya fi sauƙi. Sarƙar keken ya cire ya kulle a akwati wata guda cur, ya ce ba a gaida babba daga kan keke. Shekara arba'in ke nan, amma har gobe in Dachung ya hango furfura hannunsa da kansa yake kai wa burki.

A nan Amurka nas ne a wurin wankin ƙoda. Hawan jini ne ya mai da shi kan keke, bayan likita ya ja masa kunne, matarsa Selina kuma ta ɗora da nata. Ranar farko da ya nufi yamma ya bar hayaniyar babbar hanya ta 270 a baya, bai yi minti ashirin ba sai ga shi a ƙauye sosai: gonakin masara, dawaki a shinge, rafuka suna gudu a ƙarƙashin itatuwa, barewa tana tsallake titi kamar na ubanta. Ya tsaya a kan wata gada ya kira ƙanensa a Jos yana haki, yana rantsuwa cewa ashe Amurka ma tana da karkara, shekara goma sha huɗu ana ɓoye masa.

Daga nan ba a sake samun kansa ba. Duk ranar hutu yana can yana shiga lungu, yana auna mil, yana rubutawa a ɗan littafi. Ya sayi takalmin nan mai maƙalewa a feda, wanda ba a yi shi don mai yawan sauka ba. Sau biyu yana faɗuwa rigijib a gaban wanda zai gaisar, ya tashi ya kaɗe gwiwa ya ci gaba da tambayar iyali. A shekara uku ya haɗa hanyarsa, mil hamsin da biyu. Ta tsallake rafin Seneca, ta ratsa Poolesville, ta gangara kusa da kogin Potomac, ta haura wajen Monocacy, ta zagaye gindin dutsen Sugarloaf ta dawo gida. Ya sa mata suna Gada Bakwai. Burinsa ɗaya ne, ta shiga jerin hanyoyin ƙungiya na kaka, da sunansa a gefe a matsayin jagora.

To fa, akwai Raymond. Shi ne kyaftin ɗin ƙungiya, tsohon sojan ruwa, mutumin kirki amma agogo ne addininsa. Ya duba taswirar ya ce hanya kam ta yi, jagoran ne matsalar. Ya ba da Asabar ɗaya ta gwaji: awa huɗu, tsayawa biyu kacal, kowa ya dawo lafiya. In an cika, Gada Bakwai ta shiga. In an saɓa, sai baɗi.

Da safiyar ranar Selina ta tare shi a ƙofa tana miƙa masa gorar ruwa.

"Baban Abby, yau ɗaya dai ka riƙe hannunka. Gobe in mun taso daga coci ni zan kai ka a mota, ka bi waɗanda ba ka sauka ka gaisar ba gida gida ka ba da haƙuri. Ka yi mini alkawari."

Ya yi alkawari, ya ma ƙara da na biyu don ta sake shi.

Mutum goma sha tara suka fito. An kwana biyu ana tsuga ruwa, Alhamis da Juma'a, sai gari ya waye tas, iska mai sanyi, titi a wanke. Dachung bai damu ba, don ranar Laraba ya bi hanyar daga farko har ƙarshe. Ya shige gaba, ya ɗaga hannu, aka tashi. Kai, ranar nan Dachung ya ji daɗi! Ƙarar tayoyi a bayansa kamar ana tankaɗen gari, gada ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, ruwan Seneca ya cika ya yi ja yana ruri. A cikin daji wata mata a bayansa ta ce shekara goma tana hawan keke a yankin nan ba ta taɓa sanin da wannan hanya ba. Bakinsa har kunne, ya ƙara taka feda.

A mil na tara mai dawakin nan da suka saba yana gyaran shinge. Dachung ya ɗaga masa hannu ya wuce, abin ya soke shi a ƙirji. A mil na ashirin tsoho mai sayar da tumatir a bakin hanya ya miƙe daga kujera don ya tarbe shi, Dachung ya kaɗa masa ƙararrawa ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi har cikin takalmi. Amma Raymond ya matso gefensa ya nuna masa agogo da babban yatsa a sama, suna gaban lokaci da minti shida.

Saura mil na talatin da ɗaya, kuma tun daga gida shi yake tsoro. A nan gidan Mama Constance yake, tsohuwa 'yar tamanin da bakwai, wadda ta yi rayuwarta tana tatsar shanu. Ba ta son 'yan keke ko kaɗan, ta ce suna wucewa kamar an koro su, su bar mata leda a bakin shinge. Dachung kaɗai take kulawa. Shekara uku yana sauka a gaban akwatin wasiƙunta, ya cire hular kwano, ya tambayi kwana, ya tambayi gwiwa, ya tambayi shanu da ɗanta da ke Ohio, ɗaya bayan ɗaya, da Turanci amma a tsarin gida. Ya yi ta addu'a a ce yau tana ciki.

Ina! Tana nan tsaye da sandarta, ta sha rigar sanyi, tana kallon hanya. Ba ta ɗaga hannu ba, ita ba ta taɓa tsai da kowa ba. Daga gidanta kuma gangara ce mai daɗi, mil guda da rabi, hanya ta sha kwana sau biyu a cikin itatuwa sai gada ta biyar, wurin da kowa yake sakin burki. Dachung ya tuna Selina, ya tuna shekara uku, ya ce a ransa gobe zai zo da lemo ya durƙusa. Yana cikin faɗin haka hannunsa ya riga ya gama aiki. Ƙiiii. Mutum goma sha takwas suka ja burki a bayansa, wani ya yi tsaki, wani ya ce Sanata ya fara kamfe.

Ya sauka, ya cire hula, ya taka zuwa gabanta a kan takalmin nan yana tafiyar agwagwa. Tunda an riga an ɓata, ai sai a yi ta cika. Ya tambayi kwana, ta amsa. Ya tambayi gwiwa, ta ba shi labarin gwiwa. Raymond yana gefe yana kallon agogo kamar zai cinye shi. Sai da aka zo kan shanu ta dube shi ta dubi taron da ke bayansa.

"Ɗana, da waɗannan za ka gangara? Ruwa ya haye gadar tun asuba, ga wata ƙatuwar bishiya ta faɗo ta tare hanya daidai bayan kwana ta biyu. Tun Laraba ka ce mini yau za ka zo, shi ya sa na fito. Muryata ba ta kaiwa titi, na ce dai kai za ka sauka."

Dachung ya juya ya dubi gangarar. Ya san kwanar nan kamar tafin hannunsa, ba a ganin komai sai an shige ta, kuma shi ne zai kasance a gaba da mutum goma sha takwas manne a bayansa. Raymond ya aiki mutum biyu su gangara a hankali su gani. Suka dawo ba dariya a fuskarsu, suka ce ko burkin mota ba lalle ya kama ba.

Zagaye ta kwalta mil goma sha ɗaya ne, wato Gada Bakwai ta mutu. Dachung ya tsaya riƙe da hula. Sai Mama Constance ta nuna da sanda ta ce akwai turbar shanu ta cikin gonarta, da gadar katako da mijinta ya gina a kan tudu, ta ɓulla titi a ƙetare. Ba ta taɓa barin ɗan keke ya taka ba. Sharaɗinta biyu: na ƙarshe ya rufe ƙofar shinge, kuma kowa ya zo ya faɗa mata sunansa, don ita ba ta barin baƙon da ba ta sani ba ya shiga gonarta.

Ka ga abin kallo. Manyan mutane, lauyoyi da injiniyoyi, cikin matsattsun kaya, sun jeru suna tura keke, kowa ya cire hula ya gaida tsohuwa. Raymond ne na ƙarshe, har ta tsare shi da tambayar wane jirgi ya yi aiki a kai. Suka ratsa ciyawa shanu suna bin su da ido, suka haye gadar katako ruwa yana tafasa a ƙasa, suna ta ihu da ɗaukar hoto. Da suka taka kwalta Dachung ya ɗauke su da gudun da bai taɓa yi ba, tudun Sugarloaf ma bai ji shi ba. Duk da haka suka iso Germantown da awa huɗu da minti tara.

Raymond ya danna agogo, ya ba shi hannu. A gida Dachung ya faɗa wa Selina gaskiya, ya karya alkawari kuma ya faɗi gwaji. Ta ji labarin bishiyar ta zauna a kujera, sannan ta ce ya ci abinci. Ranar Lahadi ta kai shi wurin mai dawaki da mai tumatir kamar yadda ta ce, ya ba da haƙurinsa.

Ranar Litinin yana hutun rabin rana a wurin aiki saƙon ƙungiya ya shigo wayarsa, jerin hanyoyin kaka. Ya buɗe ba da wani fata ba. Ta uku a jerin, Gada Bakwai, jagora Dachung, awa huɗu da kwata. Ya miƙe tsaye cokali a hannu, ya gangara cikin bayanin hanyar, inda ake rubuta a yi dama a mil kaza, a yi hagu a mil kaza. Duk rubutunsa ne, sai layi ɗaya da Raymond ya ƙara da kansa, kuma ya sa shi da manyan baƙaƙe.

Mil na talatin da ɗaya: kowa ya sauka, a cire hula, a gaida Mama Constance.