Kwalba Ta Huɗu

Ranar wata Asabar ce cikin watan Janairu, ina da shekara tara, Umma ta tsefe mini rabin kai ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ina zaune a kan matashi tsakanin ƙafafunta, man kitso a gefe, ruwan sama yana dukan taga kamar yadda ya saba a Kuala Lumpur. Maza biyu ne suka turo wani firji mai ƙofar gilashi, irin wanda ake jera lemo a ciki a shagon ƙasan beninmu. Umma ta soke kibiyar tsifa a gashina ta miƙe. Aka ja teburin karatuna gefe, aka girke firjin a inda yake, ita kuma ta durƙusa tana jera kwalabe shida a ciki, tana yi a hankali kamar mai kwantar da jariri. Har aka kira magariba kibiyar nan tana kaina, ba wanda ya tuna da ni.

A lokacin muna zaune a unguwar Danau Kota, hawa na goma sha ɗaya. Umma ce ta kawo mu ƙasar, tana digiri na uku, Abba kuma ya ɗauki hutu daga koyarwa a Kano ya biyo mu. Ana gyaran wayoyin wuta a ɗakin binciken su Umma, shi ya sa malaminta ya yarda ta kawo kwalaben gida na mako uku. Ni dai ban ga komai a cikinsu ba sai ruwa mai launin shayin da bai ji ganye ba. Umma ta ce tsirrai ne cike a ciki, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Sunansu a makaranta faitofilankton. A jirgin ruwa aka ɗebo su daga tekun ƙarshen duniya ta kudu, inda ƙanƙara take shimfiɗe kamar fili. Ta ce a watannin Disamba da Janairu rana ba ta faɗuwa a can, gefen ƙanƙarar yana narkewa, haske ya shiga ruwa, sai tsirran nan su yi ta hayayyafa har teku ya canza launi. Ƙananan jatan lande su ci su, manyan kifaye masu girman gida su ci jatan landen. Don haka fitilar firjin ba a kashe ta, kuma sanyin ciki bai kamata ya ragu ba ko kaɗan. Abba ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya ya ce, "To, mun yi baƙi, 'ya'yan Umma sun iso." Kowa ya ɗauke shi wasa ban da ni.

Ni kaɗai ce 'yar Umma, kuma ban shirya raba ta da ruwan kwalba ba. Sau uku a rana take buɗe firjin, ta ɗauko kwalabe ɗaya bayan ɗaya, ta jujjuya a hankali don kada tsirran su kwanta a ƙasa, ta ɗaga sama ta duba, ta mayar. Ina kallon hannunta ina jin haushi, domin hannun nan idan yana kan gashina ba ya da wannan lallashin. In na dawo makaranta da labarin na cinye ƙawata Aina a wasan duwatsu, wanda Umma ta ce carafke ne kawai aka canza wa suna, sai ta ce "madalla" idonta yana kan ma'aunin sanyi. In na sauka na sayo mana roti, wata irin gurasa, a wurin mamak mai shagon abinci, nata yakan huce a cikin leda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kitso. Asabar ta zama ranar ƙirga tsirrai da rubutu, aka riƙa tura ni gidan Anti Maryam, maƙwabciyarmu 'yar Zariya, mai hannu kamar tana ɗaure buhu. Ba mai ganin kitson, tunda da hijabi nake zuwa makaranta, amma ni na san ba hannun uwata ne ya yi shi ba.

A cikin shidan akwai wadda na fi tsana, kwalba ta huɗu. Ita ce ta fi duhun launi, ita Umma ta fi daɗewa tana kallo. Sauran biyar suna da irinsu a wurin wani ɗan ajinsu, wannan kuwa daga bakin ƙanƙarar aka ɗebo ta, kuma a kanta rabin binciken Umma ya tsaya. Na sha jin tana gaya wa Abba, "Wannan ba ta da ta biyu." Ni ban taɓa jin ta faɗi haka a kaina ba, alhali ni ma ba ni da ta biyu.

Ranar Juma'a ta mako na biyu na dawo makaranta da rana tsaka. Abba ya tafi masallaci, Umma ta je ganin malaminta, aka bar mini saƙon in kwashe shanya kafin hadari ya haɗu. Na fita baranda, rana tana ƙuna har ƙarfen shanya ba ya taɓuwa. Ban san lokacin da na koma na buɗe firjin ba. Na gaya wa kaina cewa ai rana suke so, ga rana ta gaske, ba ta fitila ba. Ƙarya nake yi wa kaina, kuma ko a lokacin na sani. Na ajiye kwalbar a kan siminti kusa da bokitin wanki, na zauna ina ninke kaya ina kallon raɓar jikinta tana bushewa. Da na ji hayaniyar masu dawowa daga masallaci a ƙasa, na ɗauke ta. Ta yi ɗumi kamar kofin shayi. Na mayar da ita, na goge gilashin da gefen rigata, na ci abinci har da ƙari.

Kwana uku kafin abin ya bayyana. Launin ya fara koɗewa, wani fari-fari ya kwanta a gindin kwalbar, Umma ta jujjuya ya ƙi tashi. Ta tafi da ɗigo ɗaya makaranta ta duba a madubin ƙara girma, ta dawo gida. Ta zauna a ƙasa gaban firjin da mayafinta a jiki, Abba yana tsaye a kanta yana cewa wataƙila wuta ce ta ɗauke ba mu sani ba. Na ji ta ce masa sai jirgi ya sake zuwa, kuma jirgi ba ya zuwa sai lokacin zafin can ya zagayo. Shekara guda ke nan. Komawarmu Kano da ake ta lissafi ta ja baya, Abba ya koma bakin aiki shi kaɗai, muka yi sallah biyu babu shi.

Asabar ɗin da ta biyo baya Umma ta ɗauko matashi da man kitso ta ce, "Zo, Nafisa." Ta yi mini shuku ƙanana, ta ɗauki lokacinta, hannunta da taushi irin wanda nake ta nema. Ba ta tashi ko sau ɗaya ba. Abin da nake so ke nan na samu, amma ina zaune ina fuskantar firjin, ina kallon gurbin da ke tsakanin ta uku da ta biyar. Hawaye suka zubo, ta tambaya ko ta ja da zafi ne, na ce e.

Yanzu shekarata ashirin da shida. Ina aiki a nan Kuala Lumpur, ina zaune a Sentul, Umma tana koyarwa a Kano. Ta gama digirinta da tsirran jirgi na biyu, kuma har yau ba ta taɓa ganin tekun ƙanƙarar da idonta ba. In na kira ta, sau da yawa tana tare da ɗalibanta, ta ce za ta neme ni, ni kuma in ajiye waya ina jin tsohon haushin nan, ina yi wa kaina dariya. Bara da na je hutu tana shafa mini mai a kai, na daure na faɗa mata abin da na yi. Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Na sani tun ranar. Kin mayar da ita lambarta tana kallon bango, ni kuwa ban taɓa ajiye su haka ba." Na tambaye ta me ya hana ta magana. Ta ce, "Kwalba na riga na rasa ta, Nafisa. Ban so in haɗa da ke."

A nan, kitso a shago nake zuwa a yi mini, a kujera mai juyawa, gaban madubi, ba mai ja mini da zafi. Amma in ranar Asabar ta zo ana ruwa, nakan so a ce ina kan matashin nan da kibiya a soke a gashina, ina jiran Umma ta gama da kwalabenta. Yanzu kam zan iya jira.